Gwaggo Tani Ta Ƙi Tsallakewa

Ni na ja wa Gwaggo Tani, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Da na kama bakina da wayata a wancan hutun, da babu wanda zai nuna ta da yatsa a ƙauyenmu na bayan Gwangwan.

Gwaggo yayar babana ce, ta ba saba'in baya. Tana sallarta, tana azuminta, amma akwai abu guda da ta gada wajen uwarta, wadda Bamagujiya ce kafin ta musulunta. Duk kaka, kafin dawa ta shiga rumbu, sai ta ɗauki zangarniya uku da ɗan nono a ƙoƙo ta ajiye a gindin tsamiyar gonarta, ta ɗaura farin ƙyalle a reshe. Wai rabon Inna ne, Uwar Gona. Babana ya yi mata wa'azi har ya gaji. Mutanen gari kuwa sun daɗe da sabawa, tsiya kawai ake yi mata, ita ma ta rama.

Sai ga ni na dawo daga kwaleji a Kano, kaina cike da iyayi. Na ci karo da wani bidiyo na matan Turawa a ƙasar Ailan, masu cewa da bakinsu su matsafa ne, har suna alfahari da abin. Suna girmama wata Birjit, abar bautar kakanninsu Keltawa, wai ita ce mai rijiyoyi da shanu da wutar murhu. Suna ajiye mata madara, suna ɗaura tsummoki a jikin bishiya. Abin ya ba ni dariya ƙwarai. Ranar wani suna na tara mata a tsakar gida na ce su zo su ga 'yan ƙungiyar Gwaggo na Turai. Aka sha dariya, na tura wa mutum biyu bidiyon, na manta da zancen. Kafin sati ya zagayo labari ya rikiɗe: Tani na da ƙungiya da Turawa, a tsamiya suke haɗuwa, kuma ba nono kaɗai suke sha ba.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kama Khadija, 'yar maƙwabcinmu Badaru, yarinya mai shekara biyar. Kwana na uku ta fara jijjiga, kuma cikin zafin ciwo ta riƙa kiran Gwaggo. To wa za ta kira? Kullum a ɗakin Gwaggo take wuni, can take cin ƙanzo. Amma a garinmu in majinyaci ya ambaci sunan tsohuwa, an gama shari'a, ita ta kama masa kurwa.

Da hantsi suka kwantar da yarinyar a tabarma a ƙofar gidanmu. Maza sun tsaya, mata na leƙe ta saman danga. Mai unguwa Halliru ya yi wa Gwaggo gaisuwa doguwa daga bakin ƙofa, ya tambayi kwana da gajiya da gona, kamar mai neman aure, sannan ya ce ba wani abu ba ne, ta daure ta tsallake yarinyar sau uku, in akwai abin da aka riƙe a sake shi, kowa ya huta. Babana yana Ƙaraye ranar. Ni da na kunno wutar ina bayan ƙyaure. Tsoro nake ji, ga kunya ta rufe ni, har na samu kaina ina roƙon Allah ta tsallake ɗin a wuce wurin.

Gwaggo ta fito tana ɗaura kallabi, ba ta ko yi sauri ba.

"Halliru, in na tsallake ta ta tashi, me na zama?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ɗora.

"In kuma na tsallake ta ta cika fa? Ni na yi wa uwarka wankan jego, yau ni za ka ce in ɗaga ƙafa a kan 'yar da na goya? Ba zan tsallake ba. Ku tara garin nan kaf, ba zan tsallake ba."

Badaru ya taso yana huci, ya ce in 'yarsa ta mutu sai ya ƙone tsamiyar da mai ita. Gwaggo ba ta ko kalle shi ba. Ta durƙusa ta taɓa goshin yarinyar, ta ja tsaki, ta ciccibe ta ta goya a baya, ta ɗaure da mayafinta. Babu wanda ya hana ta, don duk cikar bakinsu ba mai iya taɓa jikinta. Ta ƙwala mini kira ta ce in fito daga inda na maƙale in tsayar mata da ɗan acaɓa. Muka hau mu uku har asibiti a Rogo, Badaru na biye da mu a wani babur yana zage-zage.

Zazzaɓin cizon sauro ne, ya yi nisa. Aka yi allurai, aka ƙara mata ruwa. Kwana huɗu Gwaggo na zaune a gefen gadon, a rana ta biyar Khadija ta nemi koko.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe ban san mutanenmu ba. Ranar da aka sallame su Badaru ya zo har zaure, ya durƙusa gaban Gwaggo cikin ladabi, ya ce Allah ya saka mata da alheri da ta ji tausayi ta sako masa 'yarsa. Na so in mare shi. Na fito da waya ina rantsuwa cewa wasa na yi, matan can ba su san da wata Tani a duniya ba. Ya ce ai ya sani, dole in kare ta, jinina ce.

Da yamma mai unguwa ya aiko cewa zai fi kyau ta koma wajen ɗanta Muntaka a Ƙaraye har magana ta lafa. Babana ma da ya dawo haka ya ce. Ni kuwa kuka na yi mata, na nemi gafara, na ce ta tafi ɗin, ko aƙalla ta bar zuwa tsamiyar. Ta ce gafara ta yi mini, sauran biyun kuwa in cire rai. A ɗakin nan ta haihu tara ta binne huɗu, kuma ba don abin da wasu Turawa ke yi da tsummokinsu za ta bar shi ba.

Ranar kasuwa ta ɗora mini tiren daddawarta a ka, ta sa ni gaba. Muna zama a rumfar da ta shekara talatin tana zama, matan dama da hagu suka fara jan kayansu a hankali, kowacce na yi kamar inuwa take bi. Kan ka ce me, mu biyu ne a tsakiyar fili. Na sunkuyar da kai. Gwaggo ta miƙe ƙafafunta sosai, ta gyara zama.

"Ɗago kanki, Siddiƙa. Tun da nake zuwa kasuwar nan ban taɓa samun wurin miƙe ƙafa ba sai yau."

Ta shiga tallarta da ƙarfi, tana kiran matan da ke wucewa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar yara da mai gida. Har la'asar ba wanda ya taya. Ta rufe tiren da faifai, ta ɗora mini, ta ce kasuwa mai zuwa mu fito da wuri.