Kwamfuta a Kan Teburin Baba

Ƙanena Rilwanu ya shekara biyu yana tara kayan kwamfuta kafin kowa ya ga kwamfutar. Shi ba zai sayi haɗaɗɗiya ya jona kamar kowa ba, sai dai ya haɗa tasa da hannunsa, saboda aikin gyaran bidiyon biki da yake yi. Yau kwali ya iso daga Kano a motar haya, bayan wata uku wani ya biyo baya. Duk ya jera su a kan sif, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kai ba.

Na ƙarshen isowa shi ne ɗan lelensa, madabod, wato faffaɗan allon da ake dasa sauran kayan a jikinsa. Ya ce wannan ba na gama-gari ba ne, na masu son injin ya yi gudun wuce sa'a ne. Ni Ummussalma, yayarsa, na duba da kyau na ce ya yi kama da ƙonannen faranti. Bai ƙara yi min magana ba sai bayan magariba.

Mahaifinmu Malam Zarami masassaƙin jirgin ruwa ne. Kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi suka zo da sana'ar, kuma da wuya ka hau kwale-kwale tsakanin Haɗeja da Miga wanda hannunsa bai bi ta kansa ba. Yanzu shekaru sun ja, an daina kawo masa aiki sosai, amma hannun bai san an daina ba. Shi ya yi wa Rilwanu tebur na maɗaci, a cikin ɗakin ya haɗa shi domin ya fi ƙofar faɗi. Rilwanu ya ce ai ƙarami ma ya isa. Baba ya ce shi bai iya ƙaramin abu ba.

Ranar haɗawa Baba ya jawo kujera ya zauna, irin zaman gwani mai kallon aikin wani gwanin. Rilwanu ya taɓa ƙarfen taga tukuna, wai don wutar jikinsa ta fita. Ya kwantar da furosesa, ƙwaƙwalwar injin, a gurbinta, ya ɗiga mata wani farin mai kamar ƙwayar wake, ya danna wasu siraran faifai guda biyu da ya kira ram har suka ce ƙas, ya ɗaure allon a cikin akwatin kwamfutar da ƙananan kusoshi. Baba yana gyaɗa kai, don ya san aikin da aka yi da natsuwa in ya gan shi. Sai da aka zo kan wani abu mai tiyo biyu sannan ya yi magana.

"Wannan fa?"

"Na sanyaya furosesa ne, Baba. Ruwa ne a ciki yake zagayawa."

"Ruwa."

"Ruwa, Baba."

"Mu kullum muna fama mu fitar da shi daga gida, kai ka aika har Kano an kawo maka."

Daga nan idon Baba ya koma kan akwatin. Sama huji, baya huji, ƙasa huji, kamar rariya. Rilwanu ya ce ta nan iska take shiga ta fita. Na ga yadda babban yatsan Baba ya kai kan huji ɗaya ya tsaya. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana yaƙi da huji, ba a wuni ɗaya za a shirya su ba.

Mu mutanen bakin kogi muna da al'ada. Da watan takwas ya kama, kafin ruwa ya iso, kowane maigida yana bin kayansa yana ɗagawa yana toshewa. Baba nasa ya fi na kowa: duron hatsi, akwatin Inna, har gwangwanin da yake ajiye takardun gona, duk sai ya cusa auduga a kowace kafa ya bi da kwalta, yadda yake yi wa jirgi. A bana lokacin ya faɗo daidai da tafiyar Rilwanu zuwa Jahun ɗaukar biki na kwana biyu. Ni na hura wutar da aka narka kwaltar. Ban tambayi me da me za a toshe ba, kuma har yau ina jin rabon laifina.

Aikin kam ya yi kyau, wannan ko Rilwanu bai musa ba daga baya. Baƙi a kan baƙi, sumul, ko ɗigo bai taɓa gilashin gefen akwatin kwamfutar ba. Shi ya sa da ya dawo bai lura ba, ya kunna ya hau aiki. Ba a yi minti goma ba fankokin da ke cikinta suka fara kuka, ɗakin ya ɗauki warin sabon titi, kwamfutar ta mutu ɗif.

Baba yana tsakar gida yana alwala, Inna tana tsince shinkafa da maƙwabciyarmu, Rilwanu ya fito idonsa jawur.

"Baba, kai ka yi wannan?"

"Ni ne. Yanzu ko kogi aka jefa ta ba abin da zai same ta."

"Baba, wannan ba jirgi ba ne! Shekara biyu nake haɗa ta. Abin da ba ka sani ba ka bar shi mana. Don Allah kada ka sake taɓa min kayana."

Baba ya ƙarasa wanke ƙafarsa ta hagu, ya ajiye butar, ya ce, "To."

Kwamfutar ba ta lalace ba. Ashe in zafi ya yi mata yawa kashe kanta take yi, ta fi wasu mutanen hankali. Rilwanu ya kwana huɗu yana kankare kwalta da reza da kananzir, ta tashi garau. Abin da bai tashi ba shi ne tsakaninsa da Baba. Magana zarar bunu ce, kuma wannan a gaban baƙuwa aka zare ta. Baba yana amsa gaisuwa, "Lafiya," shi ke nan. Ya daina shiga ɗakin, in zai wuce ma sai ya ɗan karkata kada rigarsa ta gogi labulen. Raina ya ɓaci da su duka biyun. Na ce wa Rilwanu ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce gobe. Na ce wa Baba yaro ne, ya ce shi ai ba abin da aka yi masa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka muka yi sati uku ana cin tuwo shiru.

Ran wata Talata Rilwanu ya zare wayoyin kwamfutar kamar yadda ya saba in zai yi nisa, ya tafi Kafin Hausa kai aiki. Bayan azahar jingar bayan unguwarmu ta ɓalle. Ciyawar kachalla ta cushe hanyar ruwa tun bara, ruwan kuwa bai tsaya neman shawara ba, ya biyo ta lungunmu. Na kama Inna da awaki muka yi makarantar firamare da ke kan tudu, ina zaton Baba yana wajen maza masu cika buhunan yashi. Da la'asar Rilwanu ya iso a jiƙe, muka zagaya makarantar kaf, babu Baba. A nan na ga tsoro a fuskar ƙanena, kuma na shaida, sunan kwamfuta bai fito daga bakinsa ba.

Maƙwabcinmu Shu'ibu ya ɗauke mu a kwale-kwalensa. Muka shiga gidanmu ta inda katanga take da safe. Buta da tabarmi suna yawo a tsakar gida. Rilwanu ya dira cikin ruwan yana kiran Baba, sai muka ji gyaran murya daga ɗakinsa.

Baba yana tsaye a tsakiyar ɗakin, ruwa har ƙirjinsa. Teburin maɗacin yana bisa kansa, ya yi gammo da hularsa, hannuwansa biyu sun riƙe ƙafafun. A kan teburin kwamfutar ce zaune daram, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Daga baya muka ji yadda aka yi: da ruwa ya kusa cinye teburin, sai ya nutsa ƙarƙashinsa ya miƙe da shi a hankali. Teburin ba ya fita ta ƙofa, don haka ya tsaya. La'asar ma a tsaye ya yi ta, da ido.

"Baba!" Muryar Rilwanu ta karye. "Me ya sa ba ka ɗauke ta ka fito ba? Ko ka bar ta ma!"

Jijiyoyin wuyan Baba sun tashi, leɓensa yana rawa don sanyi, amma muryarsa tana nan yadda take.

"Teburin nawa ne, ni na yi shi. Kayanka kuwa ban taɓa ba. Zo ka ɗauka, wuyana ya fara magana."

Rilwanu ya ɗauke ta yana kuka kamar ƙaramin yaro, ni da Shu'ibu muka zame teburin daga kan Baba muka bar shi yana iyo. Na yi niyyar yi wa tsohon nan faɗa, wallahi na yi niyya, sai na tarar ni ma kukan nake yi.

A hanyar komawa kwale-kwalen Shu'ibu ya fara shan ruwa ta ƙasa. Baba ya kalli jirgin ya ce wannan ba sassaƙarsa ba ce. Dole wani ya kwashe ruwan da ƙwarya, ni kuma ina riƙe da buhun garin da muka tsamo. Rilwanu ya dubi kwamfutar da ke cinyarsa, ya dubi ƙwaryar, sannan ya durƙusa a cikin ruwan jirgin ya miƙa ta.

"Baba, riƙe min."

Baba ya kalli hannuwansa da suka yi fari suka tattare.

"In taɓa?"

Rilwanu ya sunkuyar da kai ya ƙara miƙa ta. Baba ya karɓa ya ɗora a cinya ya rungume ta. Har muka iso tudu Rilwanu yana kwashe ruwa da ƙwarya. Ni ce a gefen Baba, ni kaɗai na gani: babban yatsansa yana kan huji ɗaya na saman akwatin, ya toshe shi.