Fayil ɗin da Sakatariya ta share

Maƙwabciyata Sakatariya ba ta jure datti, ko a tsakar gida ko a cikin na'ura. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a ofis, ta yi ritaya, sunan ya biyo ta gida. Bara mijinta ya rasu, ya bar mata laftof ɗinsa, wata baƙa mai tsagaggen murfi. Muryarsa tana ciki. Da idonsa ya yi rauni, sai ya riƙa faɗin wasiƙunsa na'urar tana ɗauka, ita kuma ta buga daga baya. Wasiƙun sun tafi inda aka aika su, muryar ta zauna. Kullum da hantsi takan kunna ɗaya tana ninke kaya.

Ranar Talata na shiga aron dutsen guga, na tarar da ita tsaye a kan laftof ɗin, hannu a ƙugu. Allon baƙi wuluk, sai farin rubutu layi biyu.

Na ce, "Me take cewa?"

"Wai ta nemi wani fayil ba ta gani ba, don haka ba za ta tashi ba."

"Ina ya tafi?"

Ta gyara zaman tabarau. "Ni na share shi."

Ashe jiya ta yi mata shara. A ofishinsu, duk fayil ɗin da ba shi da suna mai ma'ana da kwanan wata, kwandon shara ne makomarsa. To sai ta tono wasu a can ƙuryar na'urar, sunayensu haruffa da lambobi a cakuɗe kamar kaji sun bi ta kai. Ba ita ta buga su ba, ba marigayi ba. Ta kwashe su tas.

"Ba ta hana ki ba?"

"Sau biyu tana tambayata wai ko na tabbata. Ni! Tun ba ta zo duniya ba nake riƙe da fayil."

Muka cire batir muka mayar. Muka kashe muka kunna. Na ce a ɗan make ta a gefe, ta harare ni. Ana haka sai ga surukinta, mijin autarta, wanda ya san komai tun daga injin mota har ciwon ƙoda. Ya leƙa allon, ya girgiza kai.

"Mama, sai fomatin. A wanke ta fes, a zuba sabon komai."

"Muryar Malam fa?"

"Sai haƙuri. Dama irin wannan ba kayan tsofaffi ba ne, da kin ba jikokinki."

Ta naɗe laftof ɗin a tawul, ta rungume, ta zura takalmi. Na ajiye dutsen gugan na bi ta, don irin wannan ba a bari a ji shi a bakin wani.

Shagon mai gyara ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene. Fanka ba murfi, matattun kwamfutoci jibge har rufi, ga ƙaurin dalma. Ya kunna, ya karanta layi biyun nan, bai ko ɗago ba.

"Fomatin, Mama. Rabin awa kin tafi."

"Abin da ke ciki fa?"

"Ya tafi."

"To ba za a yi ba. Fayil ne ya ɓata, ka nemo wani ka mayar. Don takarda ɗaya ta ɓace ba a ƙona ofis."

Ya ce akwai wata hanyar, amma tana cin wuni, ga mutane suna jira. Ta ce ita ma mutum ce. Ta zauna daram a kan bencinsa ɗaya tilo, na zauna kusa da ita. Wata matashiya tana tsaye da tata kwamfutar, sai na ɗan karkata na ce, "'Yar nan, ke ma wanke miki zai yi? Da hotunan yaranki da komai? Rabin awa fa, ya ce." Yarinya ta ƙanƙame jakarta. Wani mai hula a bayanta ya fara ja da baya.

Mai gyara ya ce, "Haba Gwaggo! Kasuwata za ki kashe?"

"Ni hira kawai nake yi, ɗana."

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya jawo wani ɗan filashi na ajiye fayil daga aljihu ya soka a gefen laftof ɗin. Ya kunna yana ta dannan maɓalli ɗaya kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Ya ce yanzu za ta tashi da abin da ke cikin filashin, ba da nata ba, sai a leƙa cikinta. Allo ya kawo haske.

Ya ce, "Ma'ajiyarta lafiya lau. Kayanki suna nan."

"To muryar za ka fara kwashe min kafin ka taɓa komai."

Ta zaro ɗan littafi daga jaka. Ashe duk ta rubuta su, arba'in da bakwai, kowace da ranarta. Yana kwafa a wani filashin tana sa alama, sai da suka cika cif. Sannan ya mayar da fayil ɗin da ya ɓata, ya sake kunnawa. Baƙin allo ya dawo, wai yanzu wani take nema.

"Mama, wai guda nawa kika share?"

"Iya marasa tarbiyyar."

Sai a karo na uku ta tashi, bayan azahar, da hoton marigayi a allon yana murtuke fuska kamar yadda ya saba. Surukin ya iso daidai lokacin, yana cewa a sa mata makulli don kada Mama ta sake ɓarna.

Ta ce, "Ba mai sa wa kayana kwaɗo. Kai mai gyara, nuna min inda ba a shiga." Ya nuna, ta rubuta a littafinta, ta ja layi biyu a ƙasa.

Don a gwada, ta danna murya ɗaya. Sai ga Malam, tar kamar yana bayan ƙofa: "Bayan gaisuwa mai yawa... Tsaya. Wannan takun Rediyo ne, maƙwabciyarki. Ce mata ina barci. Kuma ki ɓoye dutsen guga, na bara bai dawo ba."

Shago ya kwashe da dariya, har mai hular. Sakatariya ta yi ta yi har ta cire tabarau tana share ido da bakin mayafi. Ashe shekara da shekaru sunan da ake kirana da shi ke nan a gidan!

Na ce, "Ƙara kunnawa, ban ji farkon sosai ba."

Ta ƙara. Da muka koma gida na ɗauki dutsen gugan a gabanta, a gaban hoton Malam ma. Yau kwana tara yana ɗakina.