Inuwa a Gefen Haske

"Wannan inuwar ba wurinta ba ne," in ji malaminmu na zane, ya nuna ƙarƙashin idon Mama na hagu da tsinin biro.

Ranar baje kolin ayyukan 'yan shekarar farko ce, zauren ya cika da iyaye da warin fenti. Zanena na farko ne rataye a bango: Mama a gaban keken ɗinki, taga a hagunta. Ita da Baba suna tsaye a bayana, shi sai washe baki yake kamar shi ya riƙe burushin.

"Haske ta hagu yake shigowa," malam ya ci gaba. "Me ya kawo duhu gefen haske? Kuskuren 'yan koyo ne."

"Malam, kai ka ce mu zana abin da muka gani. Haka fuskarta take."

"Kullum?"

Na buɗe baki zan ce kullum, sai na tuna. Ba kullum ba ne. Wani makon wurin shuɗi-shuɗi, wani makon ya koma ruwan ɗorawa, ya ɓace, ya sake dawowa. Ko ɗan koyo ya san inuwa ba ta haka. Ƙofar kabad ce ta buge ta, haka take ce mana. Kabad ɗinmu kuwa labule gare shi.

Na juya. Baba ya daina dariya, ya cusa hannunsa na dama cikin aljihu.

"Ai yarinya ce, malam," in ji Mama, tana jan mayafi. "Za ta gyara."

* * *

Da yamma ta same ni a ɗaki, zanen na jingine da gado. Ta turo ƙofa.

"Mama, tun yaushe?"

"Babanki ya ce a gyara kafin a mayar."

"Ba zan shafe ba."

"In kin bar wannan, gobe har ƙarƙashin idon dama za ki zana."

Ban taɓa jin tsoron fenti ba sai ranar. Na yi ta haɗa launi, ya ƙi dacewa da fatarta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta zaro gwangwanin hodarta daga jaka. Tsakiyarsa ta cinye har ƙarfe ya fito.

"Ƙara ɗan ja," ta ce, ta ajiye shi kusa da burushina. "Wannan kalar za ki nema. Ita ce ke rufewa."