Hancin Laila Mai Cuku

Ranar Asabar, 14 ga Agusta 2021, Laila mai cuku ta koma bakin aikinta bayan kwana arba'in da uku: goma sha ɗaya a gidan likita, talatin da biyu a ɗaki. Korona ta kwantar da ita, ta kuma tafi da abin da ba ta faɗa wa kowa ba, wato jin ƙanshi.

Shekara goma sha tara ke nan matan Fulani na kawo mata madara daga rugagen yamma da Dakoro, kuma da hanci take tantance ta. Takan ɗaga faifan ƙwarya ta shinshina sau ɗaya, ta san tatsar safe ce ko an gauraya da ta jiya. Madara guda mai kwana tana iya lalata cukun yini ɗaya, saboda haka masu sayen cukunta hancin nan suka amince wa.

Da hantsi matan suka shigo su bakwai, suna guɗa tun daga zaure. A'ishatu, shugabarsu kuma abokiyar wasan Laila, ta sauke ƙwarya ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke Kaɗo, ashe ba ki mutu ba? Dubi wuya kamar na zabuwa!"

"Ina zan mutu in bar ki da ruwan tabkin da kike kira madara?"

Aka yi dariya, aka yi barka da arziki. Sannan aka jera ƙore, Laila ta durƙusa. Ta ɗaga faifan farko ta ja numfashi. Ba komai, kamar ta shinshina iska. Ta gyaɗa kai. Ta biyu ma haka. Ta uku, ta A'ishatu, ita ma ta gyaɗa kai, ta kama za ta juye.

A'ishatu ta riƙe mata hannu.

"Wannan ta shekaranjiya ce. Da gangan na kawo ta."

Laila ta zauna dirshan a ƙasa, ta ce cikin ƙaramar murya: "Ba ni jin komi, A'i. Ko hayaƙi ba ni ji. Lokotoron gidan likita ya ce zai iya dawowa, zai iya ƙi. Ku kai wa wata madararku."

"Wace wata? Mun sani tun tuni! Maigidanki ya ce kin cinye tuwon da ya ƙone har kina yabon mai girki."

A'ishatu ta juya ta yi kira wajen bakin zaure. Wata tsohuwa ta shigo da sanda, Inna Kadija, uwar mijin A'ishatu, wadda ta shekara hamsin tana tatsa.

"Ga hanci mun kawo miki aro. Hannu dai naki ne, babu mai irinsa."

Tsohuwar ta zauna kan turmi, ta bi ƙore ɗaya bayan ɗaya. Ta ture ta surukarta da ƙafa, ta kuma ture ta biyar.

"Kai, Inna! Tawa ta safe ce!" in ji mai ƙwaryar.

"Rabinta," in ji tsohuwar.

Laila ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, tana share hawaye da bakin zane. Sannan ta wanke hannu, ta sa wa madarar abin daskarewa, ta jawo tabarmin shanya. Da ta fara baza farar madarar a kai, sai ta ga yatsunta ba su manta kauri ba ko kaɗan. Kafin azahar cuku ashirin da shida na shan rana bisa rumfa.

Inna Kadija ta yi wata biyar tana zama kan turmin nan kowace safiya. Jin ƙanshin Laila ya dawo cikin Janairu 2022, amma tsohuwar ta ci gaba da zuwa har damina ta gaba.