Shafi na Casa'in

Littafinta na uku ne ya fito da sunanta. An fassara shi zuwa harsuna tara, ana koyar da shi a jami'o'i, amma ita marubuciyar ko kwafi ɗaya ba ta ajiye a gidanta ba. Duk sanda aka yabi littafin a gabanta sai numfashi ya gagare ta, ta shige banɗaki ta kulle kanta. Azzalumin uban da ke cikin labarin mahaifinta ne, sana'a kawai ta canza masa. Shekara shida ke nan tana ƙirƙiro dalilan ƙin zuwa gida.

Ran nan yayarta ta bugo waya. "Idon Baba ya tafi gaba ɗaya. Ya ce ki zo masa da littafin nan."

Ta saya a hanya. Ta tarar da shi zaune a bakin gado, kusa da tsohon keken ɗinkinsa da aka lulluɓe da zane. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Uwata, kin zama babbar mutum," in ji shi. "Zauna ki karanta min. Shafi na casa'in."

A wannan shafin ne uban ya tara littattafai biyar ɗin da 'yarsa ke rubuta labarai a ciki ya cinna musu wuta, ita kuwa ta tsaya tana yi masa fatan mutuwa.

Ta fara karantawa. Da ta iso wurin sai ta kauce, ta ƙago wani abu nan take: yarinyar ta yi kuka, ta ba mahaifinta haƙuri.

"Ba haka yake ba," ya katse ta. "Yayarki ta karanta min sau biyu. Makaho na zama, ba kurma ba. Maimaita."

Ta maimaita yadda ta rubuta shi, kalma bayan kalma, har fatan mutuwar. Ta jira tsawa.

Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Kin ce littattafai biyar. Bakwai ne. Na karanta su duka kafin in ƙona." Ya juyar da fuska wajen taga. "Tsoro na ji, Uwata. Komai na gidan nan kina gani."

Bai nemi gafara ba, ita ma ba ta nema ba.

"Ci gaba," ya ce.

Ta share ido da bayan hannu, ta juya shafi. Sai da ta kwana huɗu a gidan kafin suka kai ƙarshen littafin.