Inda Mata Ke Juyawa

Clifford Sugden yana tsaye a tsakiyar falon da kofin azurfa a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi, don teburin cike yake da kwalaben magani. Ni, Gavin, ina bakin ƙofar kicin riƙe da butar shayi. 'Yata Jodie tana zaune a gefen gado tana shafa wa Anti Brenda mai a ƙafa.

"Ajiye shi a ƙasa mana," in ji Brenda. "Ba zai gudu ba. Kai ma ai ka daina."

Brenda Ackroyd maƙwabciyarmu ce, bango ɗaya ya raba gidajenmu. Tun da ciwon zuciya ya hana ta hawa bene aka sauko mata da gadonta falo, ta sa aka juya shi yana kallon taga, inda ake hango tsaunin Blackrigg ta saman rufin gidaje. Clifford kuwa shi ne shugaban ƙungiyar masu gudu ta garinmu, kuma sa'anta ne.

Kowace shekara, idan ganye ya fara zuba, ƙungiyar takan yi tsere. Maza su hau har ƙololuwar tsaunin su dawo. Mata su tsaya a gadar dutse da ke gindinsa, su zagaya wani turke su juyo. Ni ne mai tsayuwa a gadar da jar tuta ina nuna musu hanya. Direban bas ne ni, ban taɓa yin gudu ba sai na kama aiki. Na karɓi tutar ne saboda Jodie tana da asma, ina son in kasance kusa da maganinta a aljihuna.

Labarin Brenda kowa a layinmu ya san shi. Tana budurwa, tana aiki a masaƙar ulu, a zamanin da ba a ba mace lamba a dogon tsere, ana cewa mahaifarta za ta zazzago. Ta laɓe a bayan katangar coci, da maza suka zo wucewa ta faɗa cikinsu, gashinta a cushe cikin hular wani saurayi. Saurayin nan Clifford ne. Ya yi gudu a gefenta yana kare ta daga idon alƙalai har suka hau suka sauko. Da ta cire hular a ƙarshen tsere, ƙungiya ta kore ta. Sai bayan shekaru aka mayar da ita, ta koyar da rabin 'yan matan garin gudu, har da tawa.

Da bazarar bana, a kan kujerar da ke kusa da gadon nan, Clifford ya riƙe hannunta ya yi mata alkawari cewa bana mata za su hau tsauni, tana da rai za ta gani.

"To, kwamiti ya zauna," in ji shi yanzu, yana murmushi. "Albishirinki. Kofin nan sabo ne, dubi abin da aka zana a jiki. Kofin Brenda Ackroyd. Daga yau tseren mata da sunanki za a riƙa kiransa."

"Wane tseren?"

"Na mata mana."

"Wanda ke juyawa a gada?"

Clifford ya dubi kofin. "Kin san yadda abin yake. Masu inshora, ga ƙarancin masu tsaron hanya a sama. Kuma wasu matan da kansu sun ce gajeren ya fi musu."

"Kai wane ɓangare ka ɗaga wa hannu?"

"Brenda, shugaba ba ya..."

"An yi kunnen doki," in ji Jodie, ba ta ɗago kai ba. "Mahaifiyar ƙawata Shannon tana wurin. Ƙuri'arka ce ta raba."

"Jodie," na ce, "ba da ke ake ba."

"Da wa ake to, Baba?"

Numfashin Brenda yana fita da ƙara kamar ana jan zare a cikin ƙyalle. Sannan ta nuna durowar da ke ƙarƙashin talabijin. "'Yar nan, buɗe ta ƙasa. Akwai wata hula."

Tsohuwar hular ulu ce mai ruwan toka, asu ya ci gefenta. Jodie ta miƙa mata, ita kuma ta miƙa wa Clifford.

"Ungo kayanka. Na daɗe da aro."

"Haba, Brenda. Girmama ki muka yi."

"Wurin da aka hana ni wucewa, shi kuka rubuta wa sunana. Gavin, zuba masa shayi ya sha ya tafi. Kada ka sa masa sukari, likita ya hana shi, kuma shi mutum ne mai bin doka."

Bai sha ba. Ya fita da hular a hannu, ya bar kofin a kan dadduma.

Washegari da na dawo daga aikin safe na shiga duba ta, kamar yadda na saba tun da ɗanta yake Kanada. Ta ce in taimaka wa ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ita mu juya gadon. Na ɗauka hasken ne ya dame ta, na ce bari in ja labule.

"Ba labule na ce ba. Juya ni in kalli bango."

Muka juya ta. Bangon ba komai a jikinsa sai agogo da hoton mijinta marigayi riƙe da wani kifi.

Da ma'aikaciyar ta fita ta ce, "Kai dai ka ji daɗi, ko?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce, "Tsoro nake ji, Anti. Can sama akwai hazo, ga santsi. In numfashinta ya sarƙe a can, ni ina ƙasa da tuta."

"Ɗan gidan Pickles ma yana da asma. Bara ya hau. Wa ya ji masa tsoro?"

Na gyara mata matashin kai.

"Ubana ma haka ya ce, tsoro yake ji. Mutumin kirki ne, kamar kai." Ta lumshe ido. "Duk waɗanda suka tare ni mutanen kirki ne. Da mugaye ban damu ba, Gavin. Amma Clifford ya ji numfashina a kan dutsen nan. Ya san na iya."

Daga ranar ta rage magana. Jodie takan zo daga makaranta ta zauna tana ba ta labarin atisaye, ita kuma ta gyaɗa kai. Sau ɗaya na ji ta ce, "Kina ɗaga kafaɗa idan kin gaji. Sauke su." Kofin yana nan inda aka bar shi, matata Lorna tana zagaye shi da injin shara, ba wanda ya ce a ɗauke. Clifford ya zo ƙofa da furanni, ta ce a gaya masa tana barci, alhali idonta biyu, kuma tagar a buɗe take, ya ji ta.

Ta rasu wata safiyar Talata, ana yayyafi. Ina goge gilashin mota ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira sunana a hankali. Na shiga na tarar da ita kwance ta gefe, fuskarta ga bango, shayin da aka haɗa mata bai huce ba. Na tsaya ina tunanin yadda zan gaya wa Jodie, sai na ga ƙafafunta sun fito daga bargo, yatsun duk a karkace saboda shekarun gudu. Na ja bargon na rufe su.

A coci Clifford ya tashi ya yi jawabi. Ya kira ta majagaba, ya ba da labarin hula, mutane suka yi dariya inda ya kamata. Jodie ta tashi ta fita tun bai gama ba. Na so in bi ta, Lorna ta riƙe mini hannun riga.

Ranar tsere ina kan gada da tutata da rigar ruwa, maganin asma a aljihun hagu, ina ta taɓa shi. An kafa allo a jikin turken, da sunan Brenda da manyan baƙaƙe. Maza suka wuce suka kama hawa. Can sai ga mata, Jodie ce a gaba, ta ba wa ta biyu rata mai yawa. Kofin nata ne, zagaya turke kawai ya rage mata da komawa.

Na ɗaga tuta. Ta rage gudu, ta tsaya a gabana tana haki, ta fara ɓalle lambar da ke ƙirjinta.

"Jodie, za su soke sunanki. Ƙila su dakatar da ke."

"Na sani."

"Akwai hazo a sama."

"Na gani, Baba. Ba ni maganin."

Ta biyu ta iso, ta dube mu, ta zagaya turke ta juya. Hannuna yana cikin aljihu, na damƙe abin har ya yi ɗumi. Wani mai tsaron hanya yana kiran sunana daga ƙetaren rafi. Na fito da maganin na sa mata a tafin hannu, ita kuma ta sa mini lambar a nawa.

"Sauke kafaɗunki," na ce.

Ta haye gadar. Na ci gaba da nuna wa sauran mata turke, ɗaya bayan ɗaya, ba na kallon fuskokinsu. Da na samu sarari na ɗaga kai, sai na hango farar rigarta ƙarama a cikin jerin maza, tana gab da shiga hazo. Takardar lambar ta jiƙe a hannuna, fil ɗin da ta bari a buɗe yana sukar yatsana.