Mabuɗin Ɗakin Kwamfuta

Shekara goma sha tara Ma'azu ya yi yana buga takardun lakwal, wato makarantar boko, da tafireta. Da aka kawo kwamfuta uku kyauta a 1998, bai yi shakkar wanda za a ba mabuɗin ɗakinsu ba. Sai aka ba Shafi'u, sabon malamin lissafi da ya dawo Tawa daga karatu a Maroko, yaron da Ma'azu ya ci naman sunansa.

Doka ɗaya Shafi'u ya kafa. Duk disket, wato faifan kwamfuta, da ya fito daga waje, ba ya shiga ko'ina sai an duba shi a kwamfutar kusurwa, wadda ya saka wa abin gano cuta.

"Kamar baƙuwar akuya ce, Baba Ma'azu," in ji shi. "In ka sayo ta kasuwa, turke daban kake ba ta kwana biyu."

"Ni ɗan ƙauyen Barmu za ka koya ma akuya?"

Duk da haka Ma'azu ya koyi injin. Mako uku yana shigar da sakamakon ɗalibai ɗari shida. Amma kullum safe sai ya tsaya bakin ƙofa yana jira, har Shafi'u ya iso da mabuɗi yana lilo a ƙugunsa. Lilon nan ya fi komai ci masa rai.

Ranar Alhamis Shafi'u ya tafi Kalfu ta'aziyya, ya bar mabuɗi hannun direkta, Malam Haruna. Da hantsi direkta ya shigo da disket a aljihu.

"Wasan karta ne, wani abokina ya aiko mini daga Yamai. Ta ina ake sa shi?"

Ma'azu ya dubi kusurwa. Ya san doka, har yana iya rera ta. Ya kuma san wanda za a tuhuma in injin ya lalace. Sai ya jawo wa direkta kujera gaban kwamfutar da sakamako ke ciki.

Ranar Litinin sunayen ɗalibai suka koma tarkacen alamomi, daga nan injin ya ƙi tashi.

"Malam Shafi'u, injinka ya mutu," in ji direkta, yana kallon rufi.

Shafi'u ya juya wajen Ma'azu. "Baba, akwai baƙon da ya shigo?"

"Ni akuya kawai na sani."

Direkta ya ce aikin ya fi ƙarfin yaro, na babba ne. Ya karɓi mabuɗi ya miƙa wa Ma'azu.

Mabuɗin bai kai nauyin da Ma'azu ya zata ba. Aikinsa na mako uku ya tafi, sai ya soma daga farko. Shafi'u ya wanke injin daga cutar cikin kwana biyu. Yanzu shi ke jira bakin ƙofa da safe, yana karanta jarida, ya gaida Ma'azu da fara'a kamar ba a ƙwace masa komai ba. Ko wannan ma ya fi ni, in ji Ma'azu a ransa.

Ranar Juma'a direkta ya dawo da disket ɗinsa.

"Ban gama wasan nan ba. Matsa mini."

Ma'azu ya taɓa mabuɗin da ke ƙugunsa. In injin ya sake mutuwa, babu sauran yaron da za a ɗora wa.

"Ranka ya daɗe, turken baƙi yana kusurwa."

"Ni ne baƙon?"

"Disket ɗin ne."

Direkta ya daɗe yana dubansa, sannan ya ajiye disket a tebur. "To, duba shi."

Ma'azu ya zauna gaban kwamfutar kusurwa. Bai taɓa yarda ya tambayi yadda ake duban ba. Ya danna nan, ya danna can, direkta na tsaye a kansa. Daga bisani ya miƙe, ya ratsa filin lakwal cikin rana, ya tsaya bakin ajin Shafi'u yana jiran ya gama darasi.